"Halin mutum jarinsa": ta hau kan ɗan ƙwallo kuwa?

Malam Ɗanfagge: Jama'a, gardama ce ta kaure a gidan kallo na unguwarmu. A Ostireliya akwai lambar Brownlow, da ake bai wa gwarzon shekara a irin ƙwallonsu mai siffar ƙwai tun 1924. Alkalan wasa ke ba da ƙuri'a bayan kowane wasa: 3, 2, 1 ga 'yan wasa uku da suka fi ƙwazo. Amma duk wanda aka dakatar a kakar ya fita, komai yawan ƙuri'unsa. A 1997 Chris Grant ya samu 27, Robert Harvey 26, aka miƙa wa Harvey don an taɓa dakatar da Grant wasa ɗaya. Na ce "halin mutum jarinsa", aka ce na yi mata gurguwar fahimta.

Sai Masu Gida: Malam, da girmanka, ni ma ban yarda ba. Hali abu ne da aka san mutum da shi kullum, shi ya sa ake cewa zanen dutse. Kuskuren rana ɗaya cikin zafin wasa tsautsayi ne. Wanda ya taɓa zama a filin Sani Abacha ya ga yadda ake dukan ƙafar ɗan gaba tun farkon wasa, ya san haƙuri na ƙarewa.

Yaya Kulu: Ƙanena, ɗan kasuwar Kwari da ya shekara yana riƙe amana, ran da ya yanke yadi da ƙwange ɗaya, me ake tunawa? Jari ai a yini guda yake karyewa. Malam bai yi kuskure ba.

Sai Masu Gida: Yaya, to Zidane fa? Ya tunkuyi Materazzi a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2006, ya ga jan kati, kuma shi aka ba kyautar gwarzon gasar.

Yaya Kulu: Waccan ta gwaninta ce zalla. Wannan tun farko an gindaya ladabi cikin sharaɗinta, kuma kowa ya shiga fili da saninsa.

Baba Na Gwale: Mu dai da muka taso, ana faɗar karin maganar ga wanda kirkinsa ya jawo masa alheri, kamar yaron shago da aka ba jari saboda gaskiyarsa. Ba mu cika jifan wanda ya faɗi da ita ba. In za ku faɗa, ku faɗa wa Harvey, ku ƙyale Grant.

Malam Ɗanfagge: Baba, amma ai an ce juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta. Yaranmu na ƙungiyoyin unguwa nake ji, masu zagin alkalin wasa. Su wacce za mu faɗa musu?