Kunyar Babila: mantawa ko ɗauka?

Dattijon Coci:
Salama gare ku. Jiya da dare ina karanta Ezekiyel 39:26, inda ya ce jama'arsa za su manta kunyarsu, sai zuciyata ta koma shekarar 586 kafin haihuwar Almasihu da Nebukadnezzar sarkin Babila ya rushe Urushalima. Mai iyawa ya amsa.

Sun ƙone Haikali, garu ya zube ƙasa,
Sarki Zadakiya a Ribla an yanka 'ya'yansa,
Yana kallo, kana suka cire idonsa,
Duk da haka Allah zai komo da jama'arsa,
Su manta kunya, kowa ya kwana gidansa.

Ɗiyar Sihiyona:
Baba ka yi haƙuri, wannan "manta" ɗin ban yarda ba.

Baba ka hau doki ba ka sa linzami ba,
Sura 36 ko leƙa ta ba ka yi ba,
Ya ce ku tuna muguntarku, bai ce ku manta ba,
Ku ji kunya, ba dominku na yi ba.

Ɗan Kwaya:
Kai! Yaya kin gama magana wallahi, a ba ta tuta kawai.

Dattijon Coci:
Sura ɗaya 'yata ta gani ta ɗau alƙalami,
Ishaya 54 na nan, buɗe ki sha ilimi,
Za ki manta kunyar ƙuruciyarki, in ji shi, ki bar jimami,
Mai jego ba ta koya wa kaka goyo da zani.

Ɗan Kwaya:
Baba da girmanka, ɗango na uku ya yi tsawo har numfashi ya ƙare, kuma zani bai amsa alƙalami ba, amsa-amon ya karye.

Mai Garaya:
To ita da ta cusa 36 cikin baiti fa, kai rera mana shi mu ji? Ƙare kowane ɗango da "ba" ai ko ɗan Sande Sukul zai yi. Baba na nan daram.

Ɗan Kwaya:
Shi ma ai ya cusa 54, ko naku ba ya laifi ne?

Malamin Bishara:
Ku tsaya 'yan'uwa, gardamar kari ta sa kun bar ayar a baya. A Ibraniyanci ɗigo ɗaya ne tsakanin "su ɗauki kunyarsu" da "su manta kunyarsu", in ya zauna hagu harafin sin ne, wato "ɗauka", in dama shin, wato "manta", shi ya sa fassarori suka rabu, kowannenku yana da madogara.

Ɗiyar Sihiyona:
Na gode Malam. Baba ɗigon yana hagu fa.

Mama Zumunta:
Sai yau na samu caji. Ni ba ɗigo ya riƙe ni ba, Ezekiyel 34:25 ne, inda ya ce za su yi barci a jeji lafiya. Mu da muka taɓa kwana uku a daji ina toshe bakin jikata da gefen zani kar a ji kukanta, mun san nauyin wannan alkawari.

A bakin kogi sun rataye garayu,
An ce su yi waƙa, hawaye ya hana su,
Sarki Sairus ya buɗe hanya suka komo garinsu,
Ran da aka kafa harsashin Haikali tsofaffi na kukansu,
Sauran na sowa, ba mai iya raba muryarsu.

Mai Garaya:
Mama garayu bai...

Dattijon Coci:
Kul, ɗana. Kar ka taɓa wannan baitin. Mama sannu, yaya jikar taki yanzu?