Soyayyar ɗan palais a labari: ya shiryu ko kar ya shiryu?

'Yar Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina rubuta wani labari da nake sakawa a guruf ɗinmu na WhatsApp, yarinya ce 'yar lise mai shirin bak, wato jarabawar gama sakandare, ta kamu da son wani ɗan palais, wato ƙungiyoyin nan na 'yan daba, na unguwar Kara-Kara a Zinder, mai ɗaga ƙarfe, mai saida esans (fetur) a bakin hanya, kowa a kartiye shakkarsa yake amma ita in ya ganta sai ya rasa bakin magana. 'Yan mata sun karɓi labarin sosai, kullum sai yaya ci gaba yaya ci gaba, to yanzu na zo wajen da iyayenta suka gano kuma na tsaya cak. Masu karatu so suke ya tuba saboda ita a yi aure, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba don mafi yawansu yara ne 'yan shekara 16, 17, ina tsoron in koya musu abin da zai cutar da su. Ya kuke gani?

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Wlh na ji daɗi da kika tsaya kika yi tunani. Mu mun taso da littattafan soyayyan Kano, tun na takarda da ake kawowa ana ba da haya har zuwa yanzu da ake sauraro a YouTube, kuma wannan salon na tantiri mai taurin kai da ba ya jin maganar kowa sai ta mace ɗaya ya daɗe yana cin kasuwa, don kowace budurwa tana son ta ji ita ce ta daban, ita ce wadda za ta iya abin da uwarsa da ubansa suka kasa. Nan ne daɗin yake kuma nan ne haɗarin. Hali zanen dutse ne, namijin da ke marin mutane a waje ranar da ransa ya ɓaci a ɗaki ba zai tuna ke ce masoyiya ba. Abin da ya fi ɓata min rai a irin labaran nan shi ne yadda ake maida kishi na hauka ya zama alamar so, ya ƙwace mata waya, ya hana ta gaisa da kowa, ya fizgo hannunta har ya yi ja, sai marubuciya ta ce wai tsananin ƙauna ce. Dan Allah in ya yi mata haka a labarinki ki bari yarinyar ta ji zafin, ta ji tsoro, kar ki sa ta yi murmushi.

Ɗan Zango:
Yaya Maman Hanifa na yarda da rabin maganarki, amma ki yi haƙuri, ba duka suke haka ba. Na yi kabu-kabu da wasu daga cikinsu, mun sha shayi a fada ɗaya. 'Yar Birni in za ki rubuta ɗan Kara-Kara to ki rubuta mutum, kar ki ɗauko ɗan iskan fim ki sa masa sunan unguwa. Ita Kara-Kara asalinta can aka ware kutare da marasa galihu, yaro ya taso ana ƙyamar iyayensa, lakwal bai yi nisa ba, aiki babu, matatar mai ta Soraz an buɗe ta tun 2011 amma shi bai ga ƙofar shiga ba, to palais ɗin shi ne ya zame masa dangi, nan ake ganin girmansa. Esans ɗin ma da kika ce yana saidawa daga Najeriya ake shigo da shi ta daji da dare, rai a hannun Allah, ga jandarma ga wuta, kuma tun da aka cire tallafin mai a can a 2023 ribar ta ja baya sosai. Ki saka wannan a ciki. Wasu sun bari, suna da mata da yara yanzu, amma abin da na gani ba budurwa ce ta canza su ba, ko dai sun samu sana'a ko an ɗaure aboki ko an binne shi a gabansu, sai kuma addu'ar uwa. Barin tramol kaɗai wata da watanni ne na wahala, ba dare ɗaya ba kamar yadda ake rubutawa.

Hadiza ta Sabon Gari:
Ni dai gsky a bar mu mu ji daɗin labari, ba kowa ke karatu don a yi masa wa'azi ba, gajiya ce ke sa mutum ya ɗauki waya. Kuma 'yan mata ba wawaye ba ne, mun san bambancin labari da rayuwa. In kin raba su wlh rabin guruf zai watse. Ki haɗa su, amma ya sha wuya kafin ya same ta.

'Yar Birni:
Na gode ƙwarai. Hadiza ina jin ki, ba zan maida shi wa'azi ba insha Allah. Abin da na yanke, ita za ta ci gaba da karatunta ta ci bak ta shiga jami'ar André Salifou, ba za ta gudu daga gida ba kuma ba za ta zauna jiransa ba, shi kuma zan ba shi nasa ɓangaren shi kaɗai, ya yi faɗansa da tramol da abokansa da ba sa son ya fita, ya koyi walda ko gyaran moto. In sun sake haɗuwa bayan shekaru sai in ga ko ya kai a ba shi ita. Yaya Ɗan Zango ina da tambayoyi kan yadda ake shiga palais da yadda suke kiran shugabansu, in ba damuwa ka amsa min a nan don kar in rubuta abin da ba haka yake ba.