Tambaya ga magoya baya: kuɗin saye kawai za mu ƙirga, ko har da karatun yaran?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 19 ina koyar da lissafi a sakandare, kuma tun kafin in riƙe alli nake goyon bayan Barcelona. Da an buɗe kasuwar 'yan wasa hirarmu ɗaya ce: wa aka saya, nawa aka biya, wa aka yi wa wayo. Da ni ake yi, har muryata ta dushe. Amma akwai abin da na gani a wata tafiya wanda ya hana ni sakat, shi nake so mu tattauna.

A watan Afrilun 2024 wani taron malamai ya kai ni birnin Barcelona na kwana shida. Lokacin ana aikin gyaran Camp Nou, filin wasan Barcelona, ƙungiyar tana buga wasanninta a filin Montjuïc da aka yi gasar Olamfik ta 1992 a cikinsa. Filin yana kan tudu, sai ka hau matakala masu tafiya da kansu sannan ka ƙarasa da ƙafa, ga kuma hanyar 'yan tsere da ta kewaye ciyawar ta nisanta mai kallo da ɗan wasa. Gaskiya ban ji daɗin kallon yadda na zata ba.

Washegari na je gefen Camp Nou na hango tsohon gidan La Masia ta bayan shinge. Ƙaramin gida ne na dutse, gidan gona da aka gina a 1702. Daga 1979 zuwa 2011 a nan ƙungiyar take ajiye yaran da ta ɗauko daga nesa. A nan Iniesta ya sauka yana ɗan shekara 12. Na daɗe a tsaye ina kallonsa, domin a raina na ɗauka katafaren gini zan tarar. Daga nan na wuce Sant Joan Despí, inda aka mayar da makarantar a 2011, kusa da ƙaramin filin da aka sa wa sunan Johan Cruyff.

A tashar da nake jiran jirgin komawa, wani yaro da bai wuce shekara 14 ba ya zauna kusa da ni, sanye da rigar atisaye, jakar takalmansa a ƙasa, littafi a cinya. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, amma abin da ke shafin na san shi kamar yunwar cikina: aljabara ce, irin wadda nake koyarwa kowace shekara. A layi na uku ya tsallakar da lamba zuwa ɗaya ɓangaren ya manta bai juya alamarta ba. Na kasa haƙuri, na sa yatsa na nuna masa wurin. Ya duba, ya dafe goshi, ya goge ya gyara, ya yi mini murmushi. Jirginsa ya zo ya tafi. Ban san sunansa ba, ban ma san ko zai taɓa taka leda a babbar ƙungiya ba. Yawancinsu ba sa kai wa can.

Bayan wata biyu sai ga Lamine Yamal, yaron da Barcelona ta rena, yana buga wa Sifaniya a gasar Euro 2024 a Jamus, yana ɗan shekara 16, yana aikin makaranta a masaukin 'yan wasa, kuma yana can sakamakon jarrabawarsa ta sakandare ya fito ya ci. Ya zura wa Faransa ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe, ya ɗaga kofi kwana ɗaya bayan ya cika 17. Ko kwabo ƙungiyar ba ta biya wani babban kulob ba wajen samunsa.

To ku dubi ɗaya gefen. A 2017 PSG ta ajiye yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar. Muka sayo Dembélé a kan miliyan 105 ban da ƙarin da aka yi alkawari, Coutinho a kan miliyan 120 shi ma ban da ƙari, sannan Griezmann a 2019 a kan miliyan 120. Mun yi murna kowane lokaci, ni ma na yi. A 2020 Bayern ta lallasa mu 8 da 2 a Lisbon, Coutinhon da muka ba su aro ya ci biyu a ciki. A 2021 Messi ya tafi yana kuka domin babu halin yi masa rajista, shugaban ƙungiyar kuma ya ce bashin ya kai yuro biliyan 1.35. Ƙungiyar nan ce fa a 2010 yaranta uku, Messi da Iniesta da Xavi, suka zo na ɗaya da na biyu da na uku a kyautar Ballon d'Or ta gwarzon ɗan ƙwallon duniya.

Tambayata ita ce: idan muna auna ƙungiya, shin daidai ne mu tsaya kan wanda ta saya? Ko ya kamata mu riƙa tambayar me take koya wa yaran da ke hannunta, musamman waɗanda za ta sallama suna 18 ko 19? Ni dai yaron tashar nan ya fi tsaya mini a rai fiye da duk wanda muka saya tun 2017.

Ɗan Anfield ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Labarin yaron ya taɓa ni, amma ka yi mini afuwa, ban yarda da rabin maganarka ba.

Laifin ba na saye ba ne, na masu sayen ne. Kuɗin Coutinhon da kuka ba mu, mu Liverpool, ina muka kai shi? A watan da ya tafi, Janairun 2018, Van Dijk ya zo daga Southampton a kan fam miliyan 75, mutane suna ta cewa an haukace, mai tsaron baya a wannan farashi. Da kakar ta ƙare muka ɗauko Alisson daga Roma. A 2019 muka ci Kofin Zakarun Turai, a 2020 muka ci Firimiya bayan shekara 30 muna jira. Mun duba inda ɗaki ke yoyo muka toshe. Ku kuwa kun shiga kasuwa da zafin tafiyar Neymar, kowa ya san aljihunku cike yake, aka tsuga muku kuɗi.

Zamanin Xavi da Iniesta da Busquets da Messi kuma sau ɗaya ake samun irinsa. Babu makarantar da za ta yi maka alkawarin fitar da su duk shekara goma. Ko ka rena yaro ma ba ka da tabbas: Trent Alexander-Arnold ya shigo mana yana ɗan shekara shida, a 2025 ya koma Real Madrid.

Batun karatu, a ganina haƙƙin iyaye ne da hukuma. Ƙungiya an kafa ta ne don ta ci wasa ranar Asabar. Idan ta haɗa da makaranta, Allah ya saka, amma ba zan ƙi goyon bayanta don ba ta koyar da aljabara ba.

Baƙon Dortmund ya amsa:

Ɗan'uwa na Anfield, nan ne ka kauce. Yaron da ƙungiya ta raba da gidan iyayensa yana 12 ko 13, ta ajiye shi a ɗakinta, ita ke tsara masa lokacin tashi da na kwanciya, ta yaya za ta ce karatunsa ba ruwanta? Ita ce uwa da uba a lokacin.

Doka ma ba ta bar su haka ba. Sashe na 19 na dokokin FIFA kan musayar 'yan wasa ya hana ɗauko yaro daga wata ƙasa sai ya cika 18. Cikin 'yan togaciyar da aka yi akwai ta ƙasashen Tarayyar Turai: ana iya ɗaukar mai shekara 16 zuwa 18, bisa sharaɗin a ba shi karatun makaranta ko na sana'a da zai dogara da shi idan ƙwallo ta ƙi. Kuma Malam, ka yi haƙuri, ƙungiyarka ma an kama ta da karya wannan sashe a 2014, aka hana ta rajistar sababbin 'yan wasa. Shi ya sa Arda Turan da Aleix Vidal da ta saya a 2015 suka zauna ba wasa har Janairun 2016. Chelsea ma ta sha irin wannan hukunci a 2019, dole ta sa kocinta Lampard ya jingina da yaran da ta rena, Mount da Abraham da Reece James, suka ƙare na huɗu.

Na yi shekara biyu ina karatu a Jamus. Sau uku na shiga filin Dortmund, mai ɗaukar mutum sama da 81,000. Sau ɗaya na samu tikitin tsayuwa a ɓangaren kudu da suke kira katangar rawaya, mutum kusan 25,000 a tsaye, siminti yana rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Amma abin da ya fi ba ni mamaki yadda Jamusawa suke ɗaukar jarrabawa. Bayan sun kwashi kunya a Euro 2000, sun wajabta wa ƙungiyoyin Bundesliga buɗe makarantun horar da matasa, aka kuma haɗa su da makarantun boko na kusa domin atisaye kada ya cinye darasi. A 2014 suka ci Kofin Duniya. A Maris na 2017 Kai Havertz yana 17 bai je wasan Leverkusen da Atletico Madrid a Gasar Zakarun Turai ba, saboda yana da jarrabawa. Abokan karatuna Jamusawa ko a jikinsu, a wajensu haka ya kamata.

Kuma hakan bai hana ciniki ba. Dembélén da kuka saya yuro miliyan 105, Dortmund ta ɗauko shi daga Rennes shekara guda kafin nan a kan miliyan 15. Bellingham ya zo musu daga Birmingham yana 17, suka sayar wa Real Madrid a 2023 a kan miliyan 103.

Yayar Gola ta amsa:

Malam, Allah ya saka da alheri da ka buɗe wannan magana. Ku kuna maganar yaran da suka faɗa hannun manyan ƙungiyoyi. Ni ƙanina nake so in ba ku labari.

Gola ne, kuma ya iya, ba don jinina ba ne na faɗa. Yana 17, saura wata biyar ya zana jarrabawar kammala sakandare, wani dillali ya zo ya ce ya samo masa gwaji a Turai, kuma ba a jira. Na roƙi mahaifinmu a bari ya gama tukuna, aka ce dama sau ɗaya take zuwa. An ba shi takarda mai shafi huɗu ya sa hannu. Daga baya ya faɗa mini shafin farko kawai ya iya bi, sauran ya ji kunyar ya ce bai gane ba. Sati uku da isarsa dillalin ya daina ɗaga waya. Gwajin ma ba a yi ba. Wata bakwai ya yi yana kwana a ɗakunan mutane kafin muka haɗa kuɗin jirgi ya dawo, ba takardar makaranta, ba ƙungiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, shekara goma sha ɗaya ya yi yana zuwa aji, ana ciyar da shi gaba duk shekara saboda shi ne golan makaranta. Malamansa sun so shi, amma son ya cuce shi. Don haka ni idan aka ce ƙungiya tana ba yara ilimi, abin da zan tambaya shi ne: yaron zai iya karanta kwantiraginsa da kansa ya gane? Zai iya lissafa kason dillali daga albashinsa? Rajistar suna a makaranta kawai ba ta isa ba.

Na san ana iya haɗa biyun. Makarantar ƙwallo ta Right to Dream a Ghana tana koyar da yara darasi tare da ƙwallo, daga can Mohammed Kudus ya tafi Nordsjælland a Denmark, sannan Ajax, sannan Ingila, wasu abokansa kuma suka samu guraben karatu a Amurka. Ƙanina yanzu yana 24, ya koma ajin dare, da safe yana horar da ƙananan gololi.

Ɗan Anfield ya sake amsawa:

Hajiya, Allah ya ba shi sa'a, ya kuma saka masa. Na janye maganar da na yi cewa ba ruwan ƙungiya, aƙalla kan yaran da ke kwana a hannunta. Kan batun saye dai ina nan a kan bakana.

Malamin Lissafi ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Ɗan'uwa na Anfield, gaskiyarka kan Van Dijk, saye da ido buɗe ba aibu ba ne. Ɗan'uwa na Dortmund, na karɓi gyara, hukuncin 2014 ya faru kuma bai kamata in tsallake shi ba don ina son ƙungiyar.

Hajiya, maganarki ce ta hana ni barci jiya, domin da mu malamai kike. A ajina na bana akwai ɗan wasan gaba mai gudu kamar iska, shekararsa 15. Zangon da ya wuce ya samu 38 a jarrabawata, na ɗaga masa zuwa 45 don kada a cire shi daga tawagar makaranta. A lokacin na ɗauka taimako na yi. Da na karanta labarin takardar nan mai shafi huɗu sai jikina ya yi sanyi.

Yau da safe na kira shi na faɗa masa ainihin makinsa. Ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, amma bai yi musu ba. Mun shirya zai riƙa zuwa wurina Talata da Alhamis, minti 40 kafin atisaye, kuma na yi magana da kocinsu ya amince. Darasin farko na riga na rubuta shi: a dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. Zan ba shi miliyan 103 na Bellingham ya fitar mini da wannan kason da hannunsa, ba kalkuleta. Hajiya, idan ƙaninki zai yarda ya rubuto wa yaron 'yan layuka da kansa, zan karanta masa ranar Alhamis.