Masu saida kaya ta intanet, ta yaya kuke karɓar kuɗinku ba a cuce ku ba?

Maman Ikilima (Garwa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni a Garwa ta Kamaru nake, shekarata 3 ina saida turaren wuta, humra da lafaya ta Facebook da WhatsApp, kuɗi kuma a lambata ta Orange Money ake turowa. Yanzu ɗan yayata ya buɗe min shafi na kaina, ya ce in zaɓa: in ci gaba da lambata, ko in nemi lambar ɗan kasuwa, ko a haɗa min da biyan kati. Ga shi na fara samun masu saye daga Njamena, su kuma Airtel Money da Moov suke riƙe da su. Wanda ya taɓa yi ya ba ni shawara, kafin azumi nake so in gama.

Uwargida Rumde:
Wa alaikumus salam. Ni dai sai na ga kuɗi a hannu yaro yake sauke kaya. Humrar nawa kike ba da kwalba?

Baban Sadiƙu (Marwa):
Hajiya, ki saurare ni da kyau, don ni ya ci ni. Bara ana saura kwana 4 babbar salla wani ya yi min magana, ya ce shi ma'aikaci ne a Yaguwa, yana son shadda 3. Muka daidaita jaka 135, wato sefa dubu 135. Ga ladabi, ga Alhaji a kowace jimla, har da tambayar iyali. Ya turo hoton shaidar biya, can kuma wayata ta yi ƙara, saƙo ya shigo da adadin kuɗin daidai, da sunan mai turowa, da jerin lambobin nan na ƙasa. Shago cike da mutane, shi kuma sai kira yake wai mota za ta tashi. Na naɗe kaya na ba yaro ya kai ajans, wato kamfanin motocin sufuri.

Sai bayan magariba na je cire kuɗi, mai kiyos ya duba ya ce Alhaji jaka 6 ce a ciki. Na ce ya sake dubawa. Ya karɓi wayata ya nuna min: saƙon daga lambar waya ce ta kowa da kowa mai lamba 9, ba daga sunan kamfani ba. Da hannu aka rubuta shi. Na kira, a kashe. Na je komisariya, na yi sawu 3, ƙarshe aka ce layin da katin wata tsohuwa aka yi masa rajista. Kayan kuma bashi ne na ɗauko wurin maigidana a Kano, da naira zan biya. Ragon layyata na sayar na cika. Har yau in na ji ƙarar saƙo gabana faɗuwa yake.

Uwargida Rumde:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji. Ni kuma kira na aka yi wai an turo min jaka 20 bisa kuskure, mutum har da kuka, in taimaka in mayar. Allah ya sa 'yata na kusa ta ce Mama duba asusun tukuna. Ko dala ba ta shigo ba.

Ɗalibin Dang (Ngaundere):
Baba Allah ya kiyaye gaba. Hoto da saƙo ba shaida ba ne. Maman Ikilima, ki danna #150# in Orange ne, *126# in MTN ne, ki ga kuɗin da idonki kafin kaya su fita. Amma Mama, lambar ɗan kasuwa ta fi: sunan shagonki ke fitowa mai saye, kuma kuɗin cefane ba ya cakuɗa da na jari. Ki tanadi katin ɗan ƙasa da lambar haraji ta NIU, in kina da rajistar kasuwanci ta RCCM ki haɗa. Na Njamena kuma akwai tsarin tura kuɗi na GIMAC da ya haɗa ƙasashe 6 masu sefa ɗaya da mu.

Baban Sadiƙu (Marwa):
Yaro, ka taɓa saida ko allura? Ranar kasuwa mutum 10 a kanka, rezo, wato sabis ɗin waya, na tafiya yana dawowa, ka ce in tsaya danne-danne?

Ɗalibin Dang (Ngaundere):
Baba ka yi haƙuri, ban taɓa ba. Amma minti 1 ne, kuma da shi shaddarka tana nan.

Bakuseriya:
Gaskiyar yaron ce Alhaji, ba a raina ta don daga bakin ƙarami ta fito. Maman Ikilima, ni a Kuseri nake, ban taɓa wahalar da kaina ba. Ina da ƙanwa a Njamena, ita ke karɓa a Airtel ɗinta, ran Asabar ta tsallako gadar Ngeli ta kawo min a hannu. Kati kuwa ki bar shi, cikin masu sayena ko mutum 1 bai taɓa tambaya ba.

Na Barno:
Bafillace ya ba da shadda 3 a kan saƙo? Da saniya ce da sai ya ƙirga kuɗin sau 7 😂

Baban Sadiƙu (Marwa):
Babarbare bawana, ka bari in huce tukuna.

Uwargida Rumde:
Kuɗin cirewa fa? Jiya jaka 100 na cire, aka ci min 1,500.

Bakuseriya:
Ni 1,200 na biya makon jiya. Mai kiyos ɗinki ya ƙara nasa.

Ɗalibin Dang (Ngaundere):
Ku tuna tun Janairun 2022 gwamnati ta sa harajin kashi 0.2 cikin 100 a turawa da cirewa, wato sefa 200 a jaka 100, ban da na kamfani.

Uwargida Rumde:
To wa zai ɗauka, ni ko mai saye? In ka ce ya haɗo da na cirewa sai ya ɓata rai. Kuma duk wannan mai sauƙi ne a kan 'yan ajans. Kwali ɗaya zuwa Yawunde yau a ce jaka 3, gobe jaka 5, ba awo ba komai, kallon fuskarka kawai ake. Watan jiya kwalaben humra 4 suka fashe a hanya, aka ce ni ban ɗaure da kyau ba.

Bakuseriya:
Ke naki ma ya isa. Nawa kwana 9 yana kwance a Marwa, mai kaya na zagina a waya.

Maman Ikilima (Garwa):
Na gode ƙwarai, Alhaji Allah ya mayar maka da ninkinsa. Uwargida, jaka 4 ce kwalba. Ɗalibi, NIU ɗin nan in na yi, ba za a fara biyo ni gida da takardar haraji ba? Don shago ba ni da shi, a ɗakina nake haɗa kayan.

Na Barno:
Wane ajans ne dai mai dama-dama zuwa Kuseri? Ina da buhu 2 gobe.