Neman kalma: lambobin da ke bayan ɗigo

Mai fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara saƙonnin kuskure na wata manhajar kuɗi, gobe da safe zan miƙa. An tsara wurin shigar da naira da DECIMAL(10,2), wato ƙa'idar da ke iyakance yawan lambobin da za a shigar, in ka shigar da 250.755 sai ta ƙi karɓa. Me zan kira iyakar nan?

Bakano: "Guraben bayan ɗigo". Saƙon ya ce: "Kada a wuce gurbi biyu bayan ɗigo." Binciken da manhajar ke yi kuwa tantancewa ce, ba sai an ƙirƙiro wata ba.

Ɗan Damagaram: Wane ɗigo? Mu nan waƙafi muke sawa, 250,75. Kuma a ISO 4217, ƙa'idar duniya ta kuɗaɗen ƙasashe, sefa ba ta da gurbi ko ɗaya, naira biyu, dinarin Kuwait uku. Hausa ba a Kano ta tsaya ba fa.

Malam: Abin da nake faɗa ke nan kullum. Ku ce "gurbin ushiri", ku huta da rigimar ɗigo da waƙafi. Muna da rubu'i, muna da sulusi, amma sai a ɗauko "disimal" don a ga an yi boko.

Bakano: Allah gafarta Malam, ushirin ma ai aro ne daga Larabci. Mai shago ya gan shi a waya zai zaci zakkar hatsi ake tambayarsa.

Malam: Aron da ya shekara ɗaruruwa a bakinmu ya zama ɗan gida.

Hajiya injiniya: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Abu biyu ne a nan: 10 ɗin jimillar lambobi ce, 2 ɗin na bayan ɗigo. Ku raba musu suna. Kuma ɗan'uwa, in JSON Schema (tsarin duba bayanan da aka shigar) ke tantancewar, multipleOf 0.01 ake sawa, wato dole adadin ya zama ninkin 0.01, wani sa'in ya ƙi adadi mai kyau, don kwamfuta in ta haɗa 0.1 da 0.2 sai ta ba ka 0.30000000000000004. Ka ce wa masu manhajar su ajiye kuɗin a kwabo, ba ɗigo.

Mai fassara: Na gode Hajiya. Na sa "jimillar gurabe" da "guraben bayan ɗigo". Na Nijar zan mayar da shi waƙafi.

Malam: To, ba laifi. Amma a ƙamus ɗina ushiri zan rubuta.