Abin da aka tsayar a kan haraji da kuɗin ruwa

A wata muhawara da aka yi kan haraji da kuɗin ruwa, shawarar da aka fi nanatawa ga mai fara karatun tattalin arziki ita ce ya raba hannu biyu. Haraji da kashe kuɗi na gwamnati ne, kuɗin ruwa da yawan kuɗin da ke yawo kuwa na babban banki.

Sauran muhawarar duk a kan hauhawar farashi ta ƙare. Idan banki ya ɗaga kuɗin ruwa, bashi ya yi tsada, saye ya ragu, farashi ya lafa, amma ma'aikata ke ɗanɗana kuɗarsu. An kawo misalin Amurka: Paul Volcker, shugaban babban bankin ƙasar a lokacin, ya kai kuɗin ruwa kusan kashi 20 a 1981, rashin aiki ya haura kashi 10 a 1982. A ganina, waɗanda suka ce a riƙa lura da jinkirin tasirin matakan sun fi gaskiya, don sai an yi watanni kafin a gani a ƙasa.