Tafiya Osaka: me zan ci, me zan kiyaye?

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba ni gurbin kwas a Osaka ta ƙasar Japan, bayan sallah zan tafi. Ba na son in je in ƙare a burodi da shayi. Waɗanda suka zauna can, don Allah ku ba ni shawara.

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam, Allah ya sa a je a sa'a, ƙanwata. Abu biyu za ki sa wa ido: alade da giyar girki. Aladen a romo yake ɓuya. Taliyar ramen ta Hakata, a Fukuoka, ƙashin alade ake dafawa sa'o'i har romon ya yi fari fat, ko ba ki ga yanka ko ɗaya a kwano ba. Sai mirin da sake, giyar shinkafa da suke zubawa a miya da ruwan da ake shafa wa gasasshen nama. Duk naman da kika ga yana sheƙi, yana da zaƙi-zaƙi, ki tambaya kafin ki kai baki.

Ummi: Anti, kin tsorata ni. To me ya rage?

Maman Sadiq: Da yawa! Tushen girkinsu na gargajiya ma kifi ne da ganye. Romon da suke kira dashi, ganyen teku ne mai suna kombu, wanda yawancinsa daga Hokkaido yake zuwa, da busasshen kifi da aka kankare siriri. A kansa ake gina miyar miso, wato daddawarsu ta waken soya. Wannan girkin ne UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2013.

Baban Amira: Tunda Osaka za ki, kar ki bar takoyaki. Ƙullun fulawa ne ake zubawa a tanda mai ramuka, a sa guntun naman wata halittar teku mai hannaye takwas, mai suyar yana juya kowane da tsinke har ya dunƙule. Waje a soye, ciki ruwa-ruwa, da zafi sosai, ki bari ya huce. Akwai kuma okonomiyaki: kabeji da ƙwai da fulawa a kan faffadan ƙarfe. A Osaka cakuɗawa suke yi, a Hiroshima jerawa suke hawa-hawa har da taliya. Sai dai galibi da alade ake yi, kuma ƙarfe ɗaya ne, don haka ki nemi gidan da ke da shaidar halal.

Hajiya Babba: Ni Kyoto zan tura ki, 'yata, kusa ce a jirgin ƙasa. Ki nemi yudofu, wajen haikalin Nanzen-ji aka fi saninsa. Awara ce, amma ba a soya ta. Ana ɗumama ta a tukunyar ƙasa cikin ruwan kombu, ta yi laushi har sai da ludayi mai huji ake ɗebowa, a tsoma a ruwan waken soya mai gishiri da yankakken ganyen albasa. A nan za ki ji asalin ɗanɗanon waken. Girkin haikalinsu, shojin ryori, babu nama babu kifi gaba ɗaya. A dutsen Koya har da riɗi suke yin irin awarar. Amma can ma ki tambayi mirin.

Yaya Auwal: Ba wanda ya ambaci natto? Waken soya ne da aka bari ya ruɓa, yana yauƙi yana jan zare, ana ci da shinkafa da safe. Warinsa kamar na daddawa, don haka mu ba ya ba mu wahala. Garin Mito ne ya yi suna da shi.

Baban Amira: Mutanen Osaka dai ba su cika son natto ba, Auwal. Abincin gabashin Japan ne.

Yaya Auwal: Haka ne, amma kowane kanti yana da shi, ga araha. In ta samu hutu kuma ta haura tsibirin Shikoku, ta ci udon na Kagawa, taliya mai kauri da tauri a baki.

Ummi: Na gode ƙwarai. Nama fa? In tafi da kilishi?

Maman Sadiq: A'a, kar ki soma. Japan ta hana shiga da nama irin wannan, a filin jirgi ake ƙwacewa, har tara ana iya yi. In kina son nama, ki je Kobe, kamar rabin awa ce daga Osaka. Masallacin da ke can tun 1935 aka gina shi, shi ne mafi daɗewa a ƙasar, kuma akwai shagunan halal a kewayensa. Ki daidaita zuwanki da Juma'a, ki yi salla, ki yi cefanenki ki koma.